Malam Aminu Kano da Lissafin Gumin Talaka

 

 

An nemi in yi magana a kan rayuwa da tunanin wani jigo daga cikin masanan gurguzu. Da sauƙi nake nema, da na ɗauko Karl Marx na karanto muku tarihinsa daga haihuwa zuwa kabari, kowa ya watse. Zan taɓo shi, domin ba a wannan zance a tsallake shi. Amma mu da ke zaune a Gyadi-Gyadi, kusa da babban asibitin koyarwa da ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano, ba sai mun je Jamus aron mutum ba. Muna da namu, kuma ina ganin mun yi masa riƙon sakainar kashi ta wata hanya da ba kasafai ake lura da ita ba.

Ku tambayi duk wanda kuka ga dama a titin Zariya wane ne Malam Aminu, zai ce muku mutum ne mai gudun duniya: farar riga, jar hula, ƙaramin gida a Gwammaja, ya rasu bai bar dukiya ba. Duk gaskiya ne. Sai dai Kano ba ta taɓa rasa masu gudun duniya ba, kuma babu wanda En'e, hukumar mulkin sarakuna, ta taɓa yi wa bulala don ya ƙi tara kuɗi. Abin da ya sa aka ɗaure mutanen Malam, aka kore su daga garuruwansu, aka ƙona rumfunansu, shi ne wani lissafi da ya koya musu: ka noma kaza, an ba ka kaza, to ina ragowar ta shiga, kuma da izinin wa? Wannan lissafin shi ne tunaninsa na tattalin arziki, kuma shi muka ajiye muka riƙe rigar.

An haife shi ranar 9 ga Agusta 1920 a unguwar Sudawa cikin birni, a gidan malamai na zuriyar Gyanawa, waɗanda aka sani da ilimin shari'a. Mahaifinsa Malam Yusufu mufti ne a kotun alƙali, mahaifiyarsa Rakiya ita ta fara ɗora shi a kan allo. Wato ba daga gidan talauci ya fito ba, daga gefen masu mulki ya fito, kusa da inda ake yanke hukunci, inda yaro mai ido zai ga yadda ake juya shari'a idan mai ƙara talaka ne wanda ake ƙara kuma ɗan sarauta. Ya yi Shahuci, ya yi Midil ta Kano, ya shiga Kwalejin Kaduna a 1937. A 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, can ya tarar da mutum biyu: Abubakar Tafawa Ɓalewa mai taka-tsantsan, da Sa'adu Zungur mai harshe kamar aska. Zungur ne ya fi yi masa tasiri. Tare suka riƙa zaman muhawara a Bauchi inda ƙananan ma'aikata ke yi wa mulkin En'e tambayoyi a gaban Turawa, har hukuma ta ga abin ya wuce wasa.

A 1946 ya tafi Landan karatun shekara ɗaya a sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan. Ku duba lokacin da ya sauka. An gama Yaƙin Duniya na Biyu, jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta kayar da Churchill a 1945, tana karɓe ma'adinan kwal daga hannun 'yan kasuwa tana mai da su mallakar ƙasa, tana shirin yin haka ga jiragen ƙasa, ta kuma zartar da dokar da za ta bai wa kowa magani kyauta. Saurayi ɗan shekara 26 daga Sudawa ya ga Baturen da ke ce masa a gida talaka bai isa ya yi magana a gaban hakimi ba, a garinsu kuwa ɗan mahaƙin kwal minista ne. Ya yi cuɗanya da 'yan Leba masu ra'ayin sauyi, ya karanta marubutansu, ya kuma bi labarin Gandhi da gwagwarmayar Indiya wadda ta kai ga 'yanci a 1947. Gurguzun da Malam ya sha ke nan: na ƙuri'a da ƙungiya da majalisa, ba na bindiga irin na Rasha ba. Da ya dawo ya kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa, aka cilla shi Maru a lardin Sakkwato, a ƙarshen 1950 ya ajiye alli ya dawo Kano.

A nan zan ɗan daɗe, domin ba za a gane Malam ba sai an gane gyaɗa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai manomanmu za su noma wa masaƙun Ingila, sai manoma da fatake suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, daga 1912 kasuwarta ta buɗe. Wannan ya nuna manomin Kano ba wawa ba ne, ya iya ciniki. To amma ku bi shi shekara guda. Da damina hatsin bara ya ƙare, ga ciyawa ta taso, ga zazzaɓi, sai ya karɓi bashi wurin ɗan baranda a kan zai biya da gyaɗa in kaka ta yi. Shi ɗan barandan kuɗin wani attajiri ne a hannunsa, attajirin kuma na kamfanin Turawa irin su UAC da John Holt. Kaka na yi, mai unguwa da dagaci sun fito karɓar haraji, kuma haraji da tsabar kuɗin Bature ake biyansa, ba da dami ba. Saboda haka dole ya sayar a lokacin da kowa ke sayarwa, lokacin da farashi ya fi faɗuwa. Ya je sikeli, shi bai iya karanta lambar da ke jiki ba, malamin sikeli ne zai faɗa masa nauyin abin da ya noma. Ya biya bashi, ya biya haraji, in yana da shanu ya biya jangali, in hakimi zai zo rangadi a yi karo-karon gaisuwa, in an kira aikin gonar sarauta ya bar tasa ya tafi. Abin da ya rage shi ne nasa.

Daga 1949 aka kafa hukuma ta musamman mai sayen gyaɗa, a 1954 ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa. Ita ke yanka farashin da za a biya manomi kafin kaka, ta saya ta hannun wakilai masu lasisi, ta sayar a kasuwar duniya, ta riƙe bambancin. Hujjarta ita ce za ta yi wa manomi ajiya don shekarar da farashi ya karye. Wani masanin tattalin arziki, Gerald Helleiner, ya yi lissafin cewa tsakanin 1947 da 1961 kusan kashi 25 cikin 100 na abin da ya kamata manomin gyaɗa ya samu an riƙe shi, ta hanyar rarar hukumar da kuɗin fito. Buhu ɗaya cikin huɗu ke nan, bayan haraji, bayan ɗan baranda. Dalar gyaɗar nan da muke bugawa a kalanda muna alfahari, wannan ne a ƙarƙashinta.

Adalci ya sa in faɗi cewa kuɗin ba duka aka cinye ba. Wani kaso ya shiga masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957, wani ya shiga Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da tituna da makarantu. Mutanen Sardauna suna da amsa, kuma amsar mai nauyi ce: ƙasar da ba ta da masana'antu, in ba daga gona ba daga ina za ta samo jarin gina kanta? Abin da 'yan NEPU, jam'iyyar Malam, suka tsaya a kai shi ne, wanda aka ɗebi kuɗinsa ba a tambaye shi ba, ba shi da wakili na gaskiya a inda ake raba su, kuma ɗansa ne na ƙarshe a layin shiga makarantar da aka gina da su. Ni a ganina wannan muhawara ita ce mafi inganci da aka taɓa yi a siyasar Arewa, kuma kowane ɓangare yana da abin faɗa. Yau ba ma irinta.

Ga inda Marx ya shigo. An haife shi a Trier ta Jamus a 1818, ya mutu a Landan a 1883, shekara ɗari cif kafin rasuwar Malam. Shi da abokinsa Engels suka fitar da bayanin manufofin kwaminisanci a 1848, a 1867 kuma ya fitar da kashi na farko na babban littafinsa a kan jari. Gundarin hujjarsa mai sauƙi ce. Ma'aikaci yana sayar wa mai masana'anta ƙarfinsa na yini. A cikin wasu sa'o'i na yinin ya riga ya samar da abin da ya kai darajar ladansa, sauran sa'o'in kuwa abin da ya samar na mai jari ne, kuma daga nan riba ke fitowa. Ba sai mai jarin ya zama mugu ba, ko mutumin kirki ne tsarin zai tilasta masa, in bai yi ba abokin gasarsa ya haɗiye shi. Daga nan Marx ya ce tarihin al'umma tarihin ja-in-ja ne tsakanin masu mallaka da masu aiki, kuma hukuma da kotu da 'yan sanda galibi suna tsayawa ne bayan masu mallaka.

Marx ma'aikacin masaƙar Manchester yake kallo. A Kano ta 1950 irin wannan ma'aikaci bai taka kara ya karya ba, in ka cire 'yan reluwe da leburorin kamfanoni. Manomin gyaɗa da gonarsa, da fartanyarsa, babu wanda ya ɗauke shi aiki. Amma rarar guminsa tana fita duk da haka, ta ƙofar haraji da bashi da sikeli da farashin hukuma. Gudummawar Malam da abokansa ita ce gano cewa a nan ƙasar babbar na'urar tatsa ba masana'anta ba ce, En'e ce: sarki da hakimi da dagaci, da alƙali da ɗan doka da gidan yari, duk a hannu ɗaya, Razdan kuma na tsaye a baya. Wanda ya karɓi harajinka shi ne mai kotun da za ka kai ƙara in an zalunce ka wajen karɓa.

Ranar 8 ga Agusta 1950 mutum takwas suka kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, a nan Kano. Cikinsu akwai Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin. Malam ba ya cikin takwas ɗin a rubuce, don yana aikin gwamnati a lokacin, amma a 1953 ya zama shugabanta. Jam'iyyar ta fitar da sanarwar manufofinta, wadda aka sani da Sanarwar Sawaba. Duk wanda ya karanta ta ya kuma san rubutun 'yan gurguzun Ingila zai ji ƙamshinsu a ciki. Ta ce al'ummar Arewa ta rabu biyu, 'yan tsirarun da suka kewaye mulkin En'e da kuma talakawa, buƙatunsu sun saɓa, kowace jam'iyya tana wakiltar ɗayan ɓangarorin ne ko ta faɗa ko ta ɓoye, kuma talaka ba wanda zai 'yanta shi sai shi da kansa. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi tsorata fada. Sadaka ba ta taɓa damun mai mulki ba.

To ina addini? Nan ne abokan hamayya suka kafa tarko, suka ce 'yan NEPU marasa kunya ne, masu raina manya, 'yan kwaminis marasa addini. Marx kam bai yarda da addini ba, yana ganinsa abin da ke lallashin wanda aka zalunta ya haƙura. Malam bai bi shi nan ba ko taku ɗaya. Mutum ne mai tafsiri da azumi, wanda ya kafa makarantar Islamiyya da ke haɗa karatun addini da tsarin aji da allon bango tun ana yi wa hakan kallon bidi'a. Da aka zo masa da addini sai ya buɗe littattafan masu jihadi. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ya jera halayen mulkin da ya yaƙa, ya ambaci jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki a cikin abubuwan zalunci. Malam Abdullahi na Gwandu kuwa a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, yana bayyana wa shugabanni iyakarsu. Sai tambayar ta juya: ku da kuke mulki da sunan tutar Shehu, me ya sa abin da ya yaƙa yake cikin kundin baitulmalinku? Wannan tambaya ta fi duk wani littafin Jamus ciwo, domin malamin zaure ya san inda aka samo ta, kuma ba a iya cewa baƙuwa ce.

Wasu masana na jami'a sun ce wannan ya nuna Malam ba ɗan gurguzu ba ne na sosai, mai gyara ne kawai da ya yafa mayafin addini. Wasu kuma sun ce malami ne da ya ari kalmomin Turawa. Ni ban ga abin jayayya ba. Mutumin ya ga buhun gyaɗa yana raguwa tsakanin gona da sikeli, ya nemi duk ma'aunin da zai auna ɓarnar, ya samu ɗaya a Sakkwato ɗaya a Landan, ya yi aiki da su duka. Daga baya shi da kansa ya fi son ya kira aƙidarsa dimokuraɗiyya mai mutunta ɗan Adam.

Su wa suka bi shi? Teloli, mahauta, maƙera, 'yan koli, 'yan tireda, direbobi, malaman zaure da ba su da albashin En'e. Tanko Yakasai tela ne. Lawan Ɗambazau ya zama mai ba jam'iyya shawara kan shari'a, yana koya wa 'yan NEPU yadda za su tsaya gaban alƙali su kare kansu da hujjojin Malikiyya. Gambo Sawaba daga Zariya ta sha ɗauri da duka a kan cewa mace ma mutum ce a siyasa, alhali matan Arewa ba su samu ƙuri'a ba sai a 1976. Mutane ne masu ɗan abin hannunsu, waɗanda cinsu bai rataya ga fada ba, shi ya sa suka iya ɗaga kai. Manomin ƙauye kuwa, wanda aka fi tatsa, shi ya fi wuyar shiga, domin gonarsa a hannun dagaci take. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e na da ikon cusa nata mutane a tsakiya, kafin a kai matakin ƙarshe an tace su tas. Malam ya faɗi a 1954, ya faɗi a 1956, sai a 1959 ya shiga majalisar tarayya daga Kano ta Gabas.

Ba zan tsaya a gabanku in ce bai yi abin da za a tuhume shi ba. Ƙawancen NEPU da jam'iyyar NCNC ya jefa shi cikin wani hali mai wuyar bayani bayan 1959: a Legas yana ɓangaren gwamnatin da NPC, jam'iyyar Sardauna, ke jagoranta, a gida kuma NPC ɗin tana ɗaure mutanensa. Daga 1967 zuwa 1974 ya yi kwamishinan tarayya a gwamnatin soja ta Gowon, na sadarwa sannan na lafiya. Masu kare shi suna cewa a wannan zamanin ne aka ƙwace kotu da 'yan doka da gidan yari daga hannun sarakuna, abin da NEPU ta yi shekaru tana nema, kuma haka ne. Amma soja ne ya ba da, ba talaka ne ya karɓa da hannunsa ba, kuma wannan ya saɓa wa abin da Sanarwar Sawaba ta ce. Sannan bai bar mana littafi guda da ya shimfiɗa tsarin tattalin arzikinsa daki-daki ba. Tunaninsa a warwatse yake cikin laccoci da wasannin kwaikwayo da ƙasidu da bakin mutanen da suka zauna da shi, waɗanda kullum raguwa suke.

A 1978 ya kafa jam'iyyar PRP. Wani abin dariya, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana faɗa da haraji, saura kaɗan hukumar zaɓe ta hana shi takarar shugaban ƙasa a 1979 a kan takardar shaidar biyan haraji, sai da kotu ta shiga. Bai ci ƙasa ba, amma ya lashe Jihar Kano da gagarumin rinjaye, lokacin Jigawa na cikinta, jam'iyyarsa kuma ta kafa gwamnati a Kano da Abubakar Rimi, a Kaduna da Balarabe Musa. Suna hawa suka soke haraji da jangali. Gwamnatin Rimi ce ta fara ba da hutun ranar ma'aikata a 1980 kafin tarayya ta bi sahu a 1981, ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci ta manya. Sai jam'iyyar ta dare biyu, santsi da taɓo, gwamnonin biyu da matasan 'yan boko a gefe guda, Malam da tsofaffin 'yan NEPU a ɗaya gefen. An tsige Balarabe a Yunin 1981. Ranar 10 ga Yuli na shekarar aka yi tarzoma a Kano bayan takardar tuhuma da gwamnati ta aika wa Sarki, aka kashe Dakta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Malam ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, gidansa na siyasa a rabe.

Soke harajin nan ina so mu sake dubawa, domin a nan nake ganin zaren ya tsinke mana. Nasara ce ta gaske. Duk dattijon da ya taɓa kwana a daji don gudun mai karɓar haraji ya san haka. Amma me ya sa abin da ya gagara shekara talatin ya yiwu a rana ɗaya? Domin a 1979 gwamnati ba ta ƙara dogara da kuɗin manomi ba. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun riga sun rushe dala, man fetur kuma ya maye gurbinta. Kuɗi daga Legas suke zuwa, yau daga Abuja. A da, mai mulki dole ya zo ƙofar talaka ya miƙa hannu, talaka ya ga fuskarsa, ya san nawa aka karɓa. Yanzu mai mulki ba ya buƙatar aljihunsa, ƙuri'arsa kawai yake buƙata, ita ma sau ɗaya a shekara huɗu. Tatsar ba ta tsaya ba, fuskarta ce ta ɓace. Ta koma cikin faɗuwar darajar naira tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, cikin rufewar masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, cikin kuɗin makaranta da na magani, cikin farashin mai bayan cire tallafi a Mayun 2023. Ba dagacin da za ka nuna da yatsa.

Shi ya sa nake cewa lissafin ne gadon, kuma a nan Tarauni akwai inda za a yi shi. Dattawan da ke wurin nan sun san lokacin da yawancin ƙasar da ke tsakanin nan da Hotoro da Unguwa Uku gonaki ce. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna a matsayin amana. Birni ya faɗaɗo, gona ta zama fuloti, fuloti ya zama bene da shaguna. Tambayar Malam a nan ita ce: tsakanin abin da aka bai wa mai gonar da abin da filin ya kai bayan shekara goma, wa ya ɗauki bambancin, kuma wane aiki ya yi ya same shi? Marx ya ba da babi guda a kan yadda aka raba manoman Ingila da ƙasarsu suka koma masu neman aikin yini a birni. Jikokin masu gonakin nan, da yawansu haya suke biya a kan ƙasar kakanninsu.

Ku shiga kasuwar waya ta Farm Centre, ku sami yaron da ke tsaye bakin ƙofa yana tare masu saye, ba shi da shago ba shi da jari, abin da ya ɗora a kan farashin mai shago shi ne abincinsa. Ko ku tsaya a gadar Dangi da safe ku ƙirga Adaidaita Sahu. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013, wannan babur mai ƙafa uku shi ne ƙafar Kano. Da yawan masu tuƙa shi ba nasu ba ne. Akwai balas da zai kai wa mai shi kowace rana, ko kuma an ba shi a kan ya biya a hankali, a farashin da ya ɗara na kasuwa nesa ba kusa ba. Ya fito da asuba, sa'o'in farko na gidan mai ne, na biye na mai babur ne, akwai na ƙungiya da na hukuma da na bakanike, sai can bayan la'asar ya fara yi wa 'ya'yansa aiki. In ya kwanta ciwo kwana uku, balas bai kwanta ba. Wannan shi ne rabon sa'o'in da Marx ya bayyana, shi ne kuma buhun gyaɗar da Malam ya bi daga gona zuwa sikeli, sai dai yanzu a kan kwalta. Ba na cewa mai babur azzalumi ne; sau da yawa shi ma ɗan fansho ne ko bazawara da ta sa abin da ta gada. Cewa nake a zauna a rubuta lambobin, a ga kason kowa, kamar yadda 'yan NEPU suke zama a rumfar tela suna yi wa manomi lissafin harajinsa.

A 2021, da kuma farkon 2022, masu Adaidaita sun ajiye aiki a kan kuɗaɗen da hukuma ta ɗora musu. Waɗanda ke nan sun tuna yadda titin Zariya da titin Maiduguri suka cika da masu tafiya a ƙasa, ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikatan asibiti, wasu shaguna ko buɗewa ba su yi ba. Cikin 'yan kwanaki aka zauna aka sasanta. Rigimar a kan kuɗin hukuma ta tsaya, domin shi ne kason da ke da ofis da rasit da wanda za a yi wa ihu. Kason mai babur da na gidan mai, waɗanda suka fi shi girma nesa, suna nan yadda suke.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda. A nan zan dakata don a samu lokacin tambayoyi.